Malam Gide Mai Kwandon Shamuwa

Duk wanda ya taɓa sanin Gidan Ɗanliti, ɗan ƙauyen nan da ke bayan Ketare a ƙasar Ƙanƙara, ya san Malam Gide. Ba mai gari ba ne, ba liman ba ne, gonarsa ma ba ta fi ta maƙwabcinsa ba. Da kwanduna aka san shi. In bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki a inuwa, sai ka gan shi yana bin gidaje yana sallama, a aiko masa da tsohon kwandon da mata suka gaji da shi. Ya tara, ya ɗinke gindinsu da igiyar rama, ya naɗe wando ya hau babbar tsamiyar da ke ƙofar masallaci, ya ɗaɗɗaure su a rassa, ya zuba 'yan ƙirare a kowanne. Ba don kowa yake wannan wahala ba sai don shamuwa, tsuntsuwar nan baƙa mai farin ƙirji da jajayen ƙafafu, wadda ke zuwa gab da damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari.

Aikin gado ne. Kakansa Ɗanliti, wanda ya sari garin, shi ya fara, ubansa ya karɓa, shi ma ya karɓa tun bai yi gemu ba. In shamuwa ta sauka, Malam Gide ba shi da sauran magana da kowa. Yana gindin tsamiya daga hantsi har la'asar, kai a sama, kashin tsuntsu na sauka masa a hula, shi ko a jikinsa. Ranar da ya ga sun fara ɗauko kara a baki suna gyara kwandunan, sai ya jira a idar da salla, ya juyo ya ce wa jama'a, "To, a fito da iri." Shi ke nan. Babu mai binne gero a garin kafin ya ji wannan kalma. Kada ma a ce ba ya kuskure. Akwai shekarar da ya ce a fito da iri, ruwa ya yi sau ɗaya ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa, har kaka ana tsokanarsa wai tsuntsayensa sun ci amanarsa. Ya yi dariya ya ce su ma bayin Allah ne, ba su san gaibu ba. Da shekara ta zagayo, shi ɗin dai aka sake saurara.

'Ya'yansa biyu ne suka rayu, Harisu da ƙanwarsa Khadijatu, wadda shi yake kira Dije. Uwarsu ta rasu suna ƙanana. Harisu ya zauna gida yana noma tare da uban. Khadijatu ta yi aure a Mairuwa ta ƙasar Faskari, gidan wani masunci mai suna Muttaka, mutumin da za ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba. Ita kuwa Allah ya ba ta baki. Tana suyar kifi a bakin titi, kuma direbobin da ke tsayawa wurinta sun san in ka taɓa ta da wasa sai ka tafi da naka a aljihu.

Abin da ya sami ƙauyukan yankin nan ba sai an ba kowa labari ba. 'Yan bindiga suka fara da shanu, suka koma kan mutane. Wata rana da yamma Harisu yana dawowa daga gona da shanun huɗarsa suka tare shi. Ba a sani ba ko ya ƙi sakin igiyar ne, ko ba su ma tambaye shi ba. Malam Gide da kansa ya ɗauko shi a amalanke. Bayan sadakar bakwai gari ya watse. Wasu suka yi Ƙanƙara, wasu Funtuwa, matar Harisu ta kwashi 'ya'ya ta koma gidan iyayenta. Khadijatu ta je ta ɗauko ubanta kusan da ƙarfi, da buhun iri ɗaya da fartanya da butarsa.

Wanda bai san kunyar surukai ba, ba zai gane irin zaman da tsohon nan ya yi a Mairuwa ba. Dattijo mai gidansa da rumbunsa, yau shi ne a shagon ƙofar gidan suruki, ana aiko masa da tuwo. Muttaka bai taɓa nuna masa komai ba sai ladabi, yana durƙusawa ya gaishe shi safe da yamma, amma wannan ladabin ma nauyi yake ƙara masa. Ba ya cin abinci in surukin na kusa. Ba ya shiga cikin gida. Ya rame, dariyarsa ta ɗauke ɗif. Khadijatu tana gani, tana jin zafin abin har cikin ranta, amma kullum sai ta ce wa kanta, ai gara ya rame a gabana da a ɗauko mani shi a amalanke.

Tun a watan farko ta durƙusa gabansa ta roƙe shi kada ya koma. Ya ce, "Dije, ba ni yi maki ƙarya, zan koma. Amma na yi maki alkawari, ba ni taka garin nan sai ranar da shamuwa ta koma tsamiya."

Ta riƙe wannan alkawari gam. Damina ta zo, wani mutumin Gidan Ɗanliti ya saci jiki ya je kwance kwanon ɗakinsa, ya dawo ya ce tsamiya wayam, ko gashin tsuntsu babu. Malam Gide ya ce Allah ya kyauta, ya koma kan tabarmarsa. Khadijatu ta shiga ɗaki ta yi hamdala, tana jin kunyar hamdalar.

To bana ne abin ya tashi. Da bazara ta yi nisa, Malam Gide yana zaune ƙofar gida da sassafe, sai ga shamuwa garke guda sun ratsa ta saman Mairuwa, ƙasa-ƙasa, sun yi arewa. Washegari ma haka. Tsoho ya miƙe tsaye, ya kare ido da tafin hannu, ya bi su da kallo har suka ɓace. Gidan Ɗanliti arewa yake da Mairuwa. Bai nemi shawarar kowa ba, ya yanke cewa gida suka nufa.

Daga ranar ya fara bin gidajen unguwa yana sallama a ba shi tsohon kwando. Mutanen Mairuwa ba su san wannan al'ada ba. Wasu matan suka ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi, suka aiko da kwandon da 'yar sadaka a ciki. Khadijatu ta dawo daga suya ta leƙa shagonsa, ta ga kwanduna jere a jingine da bango, ga igiyar rama, ga buhun iri an kwance bakinsa ana shan iska. Ita ta san ma'anar kwando.

Da yamma ta sami mijinta yana gyaran koma, ragarsa ta kamun kifi, a tsakar gida. Ta faɗa masa. Muttaka bai ɗago ba ya ce, "Ai ba nisa suke zuwa ba. Tsibiri suke sauka."

Tsibirin da yake nufi wani tudu ne mai duwatsu da 'yan itatuwa a can cikin dam ɗin Mairuwa, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Masunta kaɗai ke zuwa.

"Malam, ka san haka kuma ka yi shiru?"

"Ba a tambaye ni ba."

Wallahi da wata rana ce da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma ranar daɗi ya hana ta faɗa. Tsuntsayen ba su koma ba, ashe alkawari yana nan da ransa. Ta so ta ruga ta gaya wa uban, sai ta tsaya. Ta san halinsa, a kan maganar tsuntsu ba ya karɓar labarin kowa, sai abin da idonsa ya gani. In ta faɗa da baki, cewa zai yi ta shirya ne don ta tsare shi. Sai ta ce a ranta, to bari idon nasa ya gani.

Ta sha wuya kafin uban ya yarda ya bi su tsibirin. Mutumin tudu ne, bai taɓa shiga jirgin ruwa ba, kuma shiga jirgi ɗaya da suruki ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Ba ta ambaci shamuwa ba. Ta ce masa dai akwai tsuntsayen ruwa a can waɗanda bai taɓa gani ba, kuma kwana biyu zaman shago ya ishe shi. Ya harare ta ya ce, "Ke da kifi kawai kika sani, yaushe kika fara kallon tsuntsu?" Amma da gari ya waye ta same shi ya sa hula ya ɗauki sanda.

Ruwan dam ya ja baya saboda bazara, sai da suka taka busasshiyar laka mai tsattsagewa kafin su kai inda jirgin yake. Muttaka ya riƙe jirgin, kansa a sunkuye, tsohon ya shiga da bisimilla ya zauna a tsakiya, ya kama gefe da gefe. Khadijatu ta zauna bayansa da ƙwaryar fura da tabarma da buta. Duk tsawon tafiyar bakinsa bai daina motsi ba, kuma bai kalli ruwan ba ko sau ɗaya. Da jirgin ya ɗan karkata ya ce, "Malam Muttaka, a yi a hankali, ba sauri muke ba." Muttaka ya ce, "To, Baba."

Suka sauka ta kudancin tsibirin. Muttaka ya gaya wa matarsa a hankali cewa itatuwan suna ta arewa, bayan duwatsu, akwai hanya ta tsakiya mai sauƙi. Ta ce a'a, ta bakin ruwa za su bi. Ita kanta ba ta san ko don uban ya sha kallo ta zaɓi doguwar hanya ba, ko don ta fara jin tsoron abin da ta shirya. Muttaka ya koma jirgi ya tafi duba komarsa, ya ce zai same su a can.

Gaɓar tsibirin yashi ce da ƙananan duwatsu, ga bawon kifi da ƙwaryar katantanwa ko'ina. Ba su yi nisa ba tsohon ya tsaya cak. Balbela ce fari fat a jere a bakin ruwa, wannan ya san ta tun a bayan shanu. Amma can gaba ga zalɓe a tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya, wuya a lanƙwashe, ko motsi ba ya yi. Malam Gide ya tsugunna ya kama hannun 'yarsa ya tsugunnar da ita. Suka jira. Can zalɓen ya cake ruwa ya ɗago da kifi yana wutsil-wutsil. Tsohon ya ce, "Kin gani? Wannan ya fi mijinki haƙuri, kuma ba ya sayen koma."

Suka ci gaba. Garken kirinjijiya ya tashi daga cikin ciyawa da fito, ya zaga ta kansu ya sake sauka. Wani zakaran ƙeƙuwa ya taso musu da masifa, yana shawagi yana ƙara. Malam Gide ya ce ƙwai gare shi a kusa, su kauce ta sama kada su taka. Ya kwaikwayi kukansa, tsuntsun ya ƙara fusata, tsoho ya yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da Khadijatu ta ji wannan dariya tun Harisu na da rai. Ta juya baya ta share ido da gefen mayafi. Yana gaba yana nuna mata sawu a laka da bakin sanda, wannan na wane ne, wannan na wance, tafiyarsa ta miƙe kamar ta da. A lokacin ta ji kamar ta ce, Baba mu koma haka nan. Ba ta ce ba.

Rana ta kusa tsakiya suka zagayo duwatsun. Ƙamshin banda ne ya fara tarbarsu. Ga bukkokin masunta 'yan kaɗan, hayaƙi na tashi daga inda ake busar da kifi. Bayan bukkokin ga wata kuka da marke biyu, kuma kowane reshe ɗauke yake da shamuwa. Wasu na tsaye, wasu na sauka da kara a baki, wasu sun riga sun kwanta a sheƙa.

Malam Gide ya tsaya. Sandar hannunsa ta kai ƙasa a hankali. Khadijatu ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar dutse, ya zauna bai ko dubi inda yake zama ba. Ta bar shi ya kalla iya kallo, sannan ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Baba, ka gan su. Waɗanda ke wucewa da safe ke nan. Nan suke sauka, ba su koma gida ba."

Ya gyaɗa kai. Ta ji tausayinsa ya kama ta, amma a ƙarƙashin tausayin hankalinta ya kwanta. Ta ɗauka an gama.

Da azahar ta yi, ya yi salla tare da masuntan. Babbansu, wani dattijo mai suna Malam Maharazu, ya kawo masa bandar tarwaɗa a faranti, suka zauna suna taɗi irin na tsofaffi. Khadijatu tana gefe tana dama fura, tana jin su.

"Malam, tun yaushe tsuntsayen nan ke sheƙa a nan?" in ji Malam Gide.

"Ba su daɗe ba. Itatuwan nan tun ina yaro suke, ban taɓa ganin sheƙar shamuwa a kansu ba. Da can wuni kawai muke yi mu koma gida. Da hanya ta lalace, komawa da yamma ta zama abin tsoro, sai muka kafa bukkoki muka fara kwana muna banda. Damina na zagayowa sai ga su."

"Kafin ku zauna babu ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Kuna ɗaura masu kwando?"

Malam Maharazu ya yi dariya ya ce, "Kwando kuma? Wa ya aike mu?"

Malam Gide bai yi dariya ba. Ya sha furarsa, ya yi godiya, ya ɗauki sanda ya ce wa 'yarsa su ƙarasa zagayen, tunda sun fara. Suka bi gaɓar gabas su biyu. Nan babu tsuntsaye sosai, sai ruwa na dukan duwatsu a hankali. Ya yi ta tafiya, har suka kai wani faffaɗan dutse ya zauna, ya nuna mata gefensa.

"Dije, alkawarin da na yi maki, a karkace na yi shi."

Ta ce, "Ban gane ba, Baba."

"Tun ina yaro nike ƙarƙashin tsuntsuwar nan, amma ban taɓa ganin garinmu ba kowa ba, shi ya sa ban lura ba. Na ɗauka tsamiya take bi, da kwando. Ashe mutane take bi. Kin ji abin da bawan Allan nan ya ce. Ba ta sauka inda ba hayaƙi, ba ta sauka inda ba a kiran salla. Ni ina nan ina jiran ta koma in koma, ita kuwa ba ta komawa sai ta ga mutum. In ban je na hura wuta a garin nan ba, har in mutu ba ta zuwa. Mutanen garin kuma ni suke jira in ce a fito da iri."

Khadijatu da kanta ta roƙi jirgi, ita ta dama fura, ita ta kawo shi inda zai ji wannan magana.

"Baba, ni don ka fasa na kawo ka."

"Na sani. Tun da kika ce tsuntsu na san da magana."

"Harisu bai isa ba? Shi ma gona ya je. 'Yan bindigar nan suna nan, ba inda suka tafi. Ba ni da uwa, ba ni da wa, kai kaɗai ka rage mani, kuma kana so in zauna ina suyar kifi har a zo a ce mani an same ka a bakin hanya? Saboda tsuntsu?" Tana magana tana kuka, ba ta ko ɓoye ba.

Ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya ce, "Ba saboda tsuntsu ba ne. Harisu yana can kwance a maƙabarta, da uwarku, da ubana. Ba wanda ya share masu ciyawa tun da muka taho. Mijinki mutumin kirki ne, Allah ya saka mashi, amma ke kin san tuwon gidan nan ba ya wuce mani wuya. Ina jin tsoro, Dije, kada ki ɗauka ba ni ji. Amma alkawari na yi maki, ko a karkace yake. In ba ki warware mani shi ba, ba ni tafiya. Zan zauna."

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Da ya ce zai tafi ko ta so ko ta ƙi, da ta yi kuka ta yi fushi ta bar wa Allah. Amma ya ɗauki abin ya ɗora a hannunta.

Ta ce, "To ban warware ba."

Ya ce, "To."

Da la'asar Muttaka ya zo ya kwashe su. Ya dubi fuskar matarsa, ya dubi ta surukinsa, ya kama tuƙi bai tambayi komai ba.

Malam Gide ya cika maganarsa. Bai sake tayar da zancen ba, bai yi fushi ba, bai canza mata fuska ba. Ya ɗaure bakin buhun iri, ya jera kwandunan ɗaya cikin ɗaya ya tura su lungu. Ya daina fitowa da sassafe. In ta kawo abinci ya ce Allah ya yi albarka, in ta dawo ɗaukar kwano ta tarar an ɗan taɓa gefe. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, iska na kawo ƙamshin ruwan da aka yi a wani wuri. Maƙwabta suna ta fita da fartanya. Shi kuwa yana kwance fuska ga bango.

Ranar da aka yi ruwan farko a Mairuwa, Khadijatu ta kwashe kaskonta da gudu ta dawo gida. Ta leƙa shago don ta rufe masa taga. Ta same shi zaune a bakin ƙofa, ya miƙa hannu waje ya dangwalo jiƙaƙƙiyar ƙasa yana murzawa a yatsu, yana duba zurfin da ruwan ya kai, a ƙofar gidan da ba shi da ko taki ɗaya na gona. Da ya gan ta sai ya yi sauri ya goge hannun a riga, kamar yaron da aka kama da laifi.

Ta tsaya ruwa na dukanta. Ubanta ne wannan, mutumin da gari guda ke jira ya buɗe baki, yau yake ɓoye mata hannu. Ta ga ta tsare shi daga mutanen daji, amma ba ta tsare shi daga komai ba.

Ta durƙusa a cikin ruwan ta ce, "Baba, na warware. Allah ya tsare."

Bai yi godiya ba. Ya ɗora mata hannu a ka, ya daɗe bai ɗauke ba.

Ta soya masa kifi mai yawa, ta daka masa yaji, Muttaka ya saya masa ƙaramar waya ya koya masa inda ake dannawa. Suka raka shi bakin titi ya shiga motar Ƙanƙara, kwanduna ɗaure a sama. Daga baya aka ji wasu tsofaffi biyu na garin sun bi shi. Sun gyara ɗaki ɗaya suna kwana tare, sun shuka gonakin da ke jikin gari, ba su zuwa na nesa.

Babu sabis a Gidan Ɗanliti sai an hau wani dutse a bayan gari. Ranar Juma'a, in ya dawo daga masallacin Ketare, yakan hau ya kira ta. In ya fara cewa, "Dije, kin san tsamiyar nan," sai ta katse shi ta ce, "Baba, ka ci abinci? Lafiya kuka kwana?" Har yau ba ta bari ya ƙarasa ba, ba ta son sani.

Direbobin da suka saba tsayawa wurinta sun gane cewa ran Juma'a ba a samun kifin Khadijatu da wuri. Tun kafin a sauko daga masallaci take kife turmi a tsakar gida, ta ɗora wayar a kai, ta zauna a gabanta. Ba ta hura wuta, ba ta amsa sallamar kowa. Wani lokaci a yi la'asar wayar ba ta yi ƙara ba, Muttaka ya shigo ya tsugunna can gefe, shi ma yana jira. Juma'ar da ta wuce wayar ta yi ƙara, ta ji muryarsa, ta tashi ta ɗora kasko. Tun daga daren Asabar ta fara jiran mai zuwa.